Ambaliyar Ruwa: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Kafin Ruwa Ya Zo da Bayan Ya Janye

A kwarin kogin Haɗeja na tashi, inda yaro ke sanin yadda ake cika buhu da yashi tun kafin ya iya rubuta sunansa. Duk shekara idan marka ta kama, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa a majalisa da bakin masallaci da cikin waya. Na tattaro waɗanda aka fi yi, na amsa su gwargwadon abin da na sani da abin da idona ya gani. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma na daɗe a kansu, domin a nan ne ake rasa rayuka.

Wane lokaci ne ambaliya ta fi zuwa?

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba ne, lokacin da ƙasa ta ƙoshi ta daina shan ruwa. Garuruwan bakin kogin Neja da Binuwai, irin su Lokoja da Makurɗi, nasu yakan kai har Oktoba, saboda ruwan da ya sauka a can saman kogi yana ɗaukar makonni kafin ya gangaro. Amma kada kowa ya dogara da lissafin wata. Ambaliyar Mokwa a jihar Neja ranar 29 ga Mayu 2025 ta zo, damina ko zama ba ta yi ba. Da asuba ta afka wa Tiffin Maza da Anguwan Hausawa, mutane suna barci, ta kashe sama da mutum 150.

Shin gaskiya ne sakin ruwan dam ne ke jawo ta?

Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma ba haka ba ne, kuma yana da amfani mutum ya san wane ruwa ne ke biyowa ta garinsu. Mutanen Wudil da Ringim da Auyo da Haɗeja, ruwan Tiga da na Challawa ne ke gangaro musu. Idan madatsun nan biyu suka cika suka tumbatsa, kogin Kano da kogin Challawa sukan haɗu su zama kogin Haɗeja, su taho da shi. Daga ƙasa kuma ciyawar kachala da yashi sun toshe hanyoyin da ruwan ke bi zuwa Nguru da Gashuwa, sai ya rasa mafita ya fantsama cikin gonaki da garuruwa. Dam ɗin Lagdo da ake yawan ambata a rediyo yana Kamaru ne, a kan kogin Binuwai kusa da Garwa, kuma Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi yake shafa. Ba shi da hanyar zuwa Jigawa. Mutanen Sakkwato kuma ba su manta da ambaliyar da aka yi a ƙasan dam ɗin Goronyo a 2010 ba.

Wanda ya fi muni shi ne dam ya fashe, kamar yadda na Alau ya yi a daren 9 zuwa 10 ga Satumba 2024, ruwan kogin Ngadda ya mamaye Maiduguri, ya shiga Gwange da kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Shekara talatin kafin nan, a 1994, dam ɗin ya taɓa yi wa garin irin wannan ɓarna.

Sai dai a gaya wa juna gaskiya: yawancin ruwan da ke shiga gidaje a cikin Kano da Kaduna da Maraɗi babu ruwansa da dam. Kwata ce aka cika da leda da shara, kududdufi ne aka cike aka yanka filaye, gini ne aka dasa a kan hanyar ruwa.

Yaya zan gane ko unguwarmu tana cikin haɗari?

Ka tambayi dattawan da suka riga kowa zama a wurin. Su ne za su ce maka, "Nan da kake gani da can fadama ce, mun kama kifi a inda shagon nan yake." Ruwa ba ya manta hanyarsa ko ya yi shekara ashirin bai bi ta ba. Ka duba jikin tsofaffin katangu, za ka ga zanen da ruwan bara ko na bara waccan ya bari. Idan sunan unguwar ma yana ɗauke da kwari ko fadama ko rafi ko tafki, sunan ya riga ya ba ka amsa.

Sannan hukumomi suna fitar da hasashe. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, tana sanar da yadda damina za ta kasance tun farkon shekara, NIHSA kuma, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da take hango musu ambaliya. Gidajen rediyo suna kawo shi da Hausa. Idan ka ji an ambaci ƙaramar hukumarku, ka ɗauka da kai ake.

Gidanmu na ƙasa ne. Me za mu yi tun kafin damina?

Wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci ga mutanen karkara, domin a wurinmu ba nutsewa ce kaɗai ke kashe mutane ba, rushewar ɗaki a kan masu barci tana daga cikin manyan sanadi. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Ruwa ya kwanta a jikinsa kwana biyu ko uku, ƙasar ta jiƙe ta zama kamar kunu, nauyin azara da rufin soro kuma yana danne da ita daga sama. Babban masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, haka ya zube a Satumbar 2024 bayan ruwa mai yawa. Idan ginin da gari guda ke kula da shi zai faɗi, ɗakin da aka yi shekara biyar ba a yaɓe shi ba fa?

Tun da bazara a yi yaɓe, a toshe tsagar bango, a sake daɓe rufin soro. A duba indararo, a tabbatar yana jefa ruwa nesa da gindin gini, ba ya tsiyaya a jikinsa. A yi dandamali a kewaye ɗakuna, na siminti in da hali, in babu a tara ƙasa mai tsakuwa a daɓe ta yadda ruwa zai gangara waje. A buɗe rariya, a yashe kwatar ƙofar gida. Wannan na ƙarshen aikin gayya ne, domin idan ka yashe taka maƙwabcinka bai yashe tasa ba, ruwan wurinka zai dawo.

Alamun da ke nuna ɗaki ya kusa tafiya a bayyane suke: danshi ya hau bango ya wuce gwiwa, sabuwar tsaga ta fito, ƙofa ta fara cijewa ba ta rufuwa, ƙasa tana zubowa daga rufi, azara tana ƙara. Duk ɗakin da ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, kada a kwana a cikinsa ko dare ɗaya. Gara a kwana a rumfa ana jiƙewa. Na taɓa tsayawa a kan ɓaraguzan wani ɗaki a unguwarmu da sassafe, ana tono da hannu da fartanya. Matar gidan tana ta maimaita cewa tun la'asar ta ga ƙasa tana zuba a kan gado, ta share, ta sake shimfiɗa wa yara.

Wane kaya ya kamata mu haɗa mu ajiye?

Jaka ɗaya wadda mutum ɗaya zai iya ɗauka da hannu ɗaya, a rataye ta kusa da ƙofa. A ciki a sa takardun fili da na gida, katin ɗan ƙasa, takardun makaranta, katin rigakafin yara da katin awon mai ciki, duk a naɗe cikin leda biyu a ƙulle. A ɗauki hotonsu da waya a tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari. A sa maganin da wani ke sha kullum, na hawan jini ko ciwon suga ko asma ko farfaɗiya, wanda zai kai mako biyu. Tocila, ƙaramar rediyo mai batir, ashana a cikin leda, gidan sauro, sabulu, ƙunzugun mata, da abincin da ba ya buƙatar wuta kamar garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino. A riƙe ɗan kuɗi a hannu, don ranar da ruwa ya ci gari sabis yakan ɗauke, masu POS ma ta kansu suke yi. A rubuta lambobin 'yan'uwa a takarda.

Jarkoki biyu masu murfi kuma a cika su da ruwa mai tsabta. Idan an shanye, jarkar da aka rufe tamau tana iya riƙe mutum a saman ruwa.

Yaushe ne ya kamata mu bar gida?

Tun ƙafa tana taka busasshiyar ƙasa, kuma tun da rana. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe ko ya manta da sauran. A ambaliyar 2012 an rasa mutum 363 a Najeriya bisa ƙidayar NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, a ta 2022 an rasa sama da 600, fiye da mutum miliyan ɗaya suka bar muhallansu. Idan ka zauna da waɗanda suka tsira, maganar da za ka fi ji ita ce, "Mun ce bari mu ga safiya." Ruwan kogi kuwa ba ya jiran safiya. Da magariba yana bayan gari, ƙarfe biyun dare yana tsakar gida, babu wuta, yara suna kuka, ba a ganin inda rami yake.

Ku kafa wa kanku alama tun yanzu. A soka sanda a bakin kogi ko a shata wani wuri a jikin gada, a yi ittifaƙi da mai unguwa cewa ranar da ruwa ya taɓa nan, mata da yara da tsofaffi da marasa lafiya za su tashi, ba sai an sake shawara ba. A san inda za a je: gidan dangi a kan tudu, makarantar firamare, ko masallacin Juma'a. A san hanya biyu ta zuwa can, don ɗaya tana iya yankewa. Matasan da ke gadin jinga da dare su riƙe lambar ladan, domin lasifikar masallaci ta fi kowace waya saurin tayar da gari.

Na san abin da ke riƙe mutane. Akwai tsoron ɓarayi, akwai hatsi a rumbu, akwai kunyar zama a aji ɗaya da iyalin wasu. Duk waɗannan dalilai ne na gaske, ban raina su ba. Maganinsu shi ne a kwashe hatsi da dabbobi tun da wuri, a bar maza biyu ko uku masu ƙarfi waɗanda suka iya ruwa su yi gadi daga wuri mai tudu, sauran kowa ya tafi.

Mahaifinmu ya ce ba zai tashi ba, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Yaya za mu yi da shi?

Kada ku yi masa gardama a gaban jama'a, kuma kada ku nuna masa kun fi shi sani. Ku samu limami ko wani aboki nasa da yake jin nauyinsa. Maganar Baba gaskiya ce, babu mai tsere wa ƙaddara, amma Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma Annabi Nuhu (AS) tun ƙasa tana bushe aka umarce shi ya sassaƙa jirgi. Sau da yawa abin da ke zuciyar dattijo shi ne gidan da ya gada da kabarin iyayensa, yana ganin in ya fita ba zai dawo ba. Ku ce masa, "Baba, kwana kaɗan ne, jikokinka ba za su tafi ba sai da kai." Wannan ta fi dogon wa'azi aiki.

Magidanci kuma ya ba iyalinsa izini tun yanzu, a fili, cewa idan ruwa ya zo ba ya gida su fita kada su jira shi. Malaman tsangaya su ma su san adadin almajiransu da inda kowannensu yake kwana, don yaran da ke kwana a zaure da kangon gini su ne ba a tunawa da su sai an zo ƙirga.

Idan ruwa ya shigo mana cikin dare fa?

A tashi kowa, a ƙirga yara da suna. Idan inda ake kashe wutar gidan a bushe yake, kuma ƙafarka ba ta cikin ruwa, ka kashe. Idan ruwa ya riga ya kai wurin, kada ka taɓa. A ɗauki jakar nan a fita zuwa tudu, a bar katifa da talabijin. A goya ƙananan yara a ɗaure su sosai, manya su riƙe hannun juna ko igiya ɗaya, na gaba yana dogara sanda yana gwada ƙasa. Idan hanya ta yanke, a hau rufin ginin siminti ko bene ko babbar bishiya, banda rufin ɗakin ƙasa. A kira 112 a Najeriya, a kuma kira mutanen gari masu kwalekwale, domin kusan kullum su ne ke fara isowa.

Ruwan bai kai gwiwa ba. Ba zan iya ratsawa ba?

Ƙarfin ruwa a gudunsa yake. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ya ɗan haura idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 yana tafiya da yawancin motoci har da manya. Ƙari a kan haka ba ka ganin abin da ke ƙasa: kwalbatin da ya ɓalle, rijiyar da ruwa ya rufe, masan da ya rufta, wayar lantarki da ta faɗo. Direba ko ɗan acaɓa ya ce maka ya saba bi, ka sauka ka bar masa kuɗinsa. Idan mota ta mutu a cikin ruwa yana hauhawa, a buɗe gilashi a fita nan take, a fara fitar da yara.

Iyaye kuma a sa ido a kan yara bayan an ɗauke ruwan sama. Kududdufi da ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna cin yara duk damina, a ranakun da babu wanda ya kira abin ambaliya.

Na ga ruwa yana tafiya da mutum. In faɗa in ceto shi?

In ba gwanin ruwa ba ne kai, kada ka faɗa, don kada gawa ta zama biyu. Jefa masa igiya ko jarka ko miƙa masa gora, kai kuma ka kafe a wuri mai ƙarfi. Idan an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri. Juya shi kai ƙasa ko matse masa ciki don ya amayar da ruwa ɓata lokaci ne. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti.

Wajen shiga kwalekwale kuma, kada a yi lodin da ya wuce kima, kada a yi tafiyar dare, a sa rigar kariya in akwai. Wanda sarkin ruwa ya ce ya jira sahu na biyu, ya jira.

Me ya sa ake yawan amai da gudawa bayan ambaliya?

Saboda ruwan ya bi ta masai da bola da makwancin dabbobi, sannan ya shiga rijiya. Rijiyar tana iya yin garau a ido alhali kwalara tana ciki. Duk ruwan sha a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa maganin tsarkake ruwa irin su Aquatabs ko WaterGuard bisa ƙa'idar da ke jikinsa, a jira minti 30. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. A wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin cin abinci. Abincin da ruwan ambaliya ya taɓa a zubar da shi, duk da na san zafin hakan ga wanda bai da wani.

Wanda ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida ana hanyar asibiti, don kwalara tana iya kashe babba cikin sa'o'i. In babu na leda daga kemis, a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Bayan mako biyu ko uku kuma sauro zai yi yawa, saboda haka gidan sauro ya zama dole, duk yaron da ya yi zazzaɓi a kai shi a gwada jininsa.

Macizai fa?

Su ma tudu suke nema, sai su tarar da mutane a can. A kakkaɓe tabarma da takalmi, kada a zura hannu cikin tarin kara ko buhuna, a riƙe tocila da dare. Wanda maciji ya sara a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, tsagawar kuwa ƙara zubar da jinin take yi.

Gona da dabbobi, akwai abin da za a iya yi?

Dabbobi a kai su tudu tun kafin mutane su tashi. In lokaci ya ƙure a kwance su, don dabbar da ke ɗaure a turke ba ta da hanyar tsira. Irin shuka na baɗi a ajiye shi a jarka mai murfi a gidan dangi. Manoman shinkafa a fadama su tambayi malaman gona game da irin shinkafa na FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017, domin suna jure nutsewa a ruwa na kusan mako biyu. Wanda ruwa ya cinye wa gona kuma kada ya sayar da injin ban-ruwansa don cin abinci matuƙar akwai wata dabara, saboda damshin da ambaliya ta bari shi ne jarin noman rani.

Ruwa ya janye. Za mu iya komawa?

Magidanci ya fara zuwa shi da wani, da rana, ba tare da yara ba. A zagaya ginin daga waje tukuna. Bangon ƙasa yakan faɗi bayan ruwa ya tafi, lokacin da ya fara bushewa yana tsagewa, don haka a ba shi kwanaki, a sa magini ya duba. Kada a mayar da wuta sai mai gyaran lantarki ya gani, kada a tayar da janareta a cikin ɗaki ko zaure a rufe, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci. A sa takalmin roba wajen kwashe laka. Rijiya a kwashe ruwanta a yashe ta, a nemi ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su zuba mata sinadarin kulorin, kuma a ci gaba da tafasa ruwan har sai sun ce ya yi.

Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton ɓarnar, ɗaki ɗaki, da gona. A kai rahoto ga mai unguwa ko dagaci a tabbatar sunan gidan ya shiga jerin da za a miƙa wa hukumar agajin gaggawa ta jiha da NEMA. Ba a biyan ko sisi don a rubuta sunan mutum, duk wanda ya nemi kuɗi a kai ƙararsa. A tuna da gidajen zawarawa da marayu da tsofaffin da ba su da mai bi musu layi, a rubuta su tun a zagayen farko. Wanda kuma zai sake gini a wuri ɗaya, ya auna inda zanen ruwan bana ya tsaya a jikin bango, ya ɗaga harsashinsa da dutse ko bulo ya wuce nan.